Rubutun Hannunsa A Jikin Kwalba

Masu karatu, yau ba ni da doguwar gaisuwa. Ku da kuke turo min saƙo kuna cewa na dace, Allah ya ba ni mai hankali, ku dakata da taya ni murna tukuna. Ku karanta wannan, in kun gama ku faɗa min ko har yanzu na cancance shi.

Ga wanda yau ya fara shigowa: shekarata ashirin da tara, ina aiki a wani ɗakin bincike da ake neman sabon maganin asma. Wanda nake so shi ma a nan yake, a ɗakin da ke ƙarshen baranda. Shi yake haɗa sinadarai, ni nake gwada su. Yayata ce ta laƙaba masa Mai Kwalabe tun ranar da ya fara zuwa gidanmu da hujin asid a hannun rigarsa, sunan kuwa ya bi shi har cikin wayata.

Aikin namu ba shi da wuyar ganewa. Kowace ƙwayar halitta a jikin mutum tana da wasu 'yan ƙofofi, kowace ƙofa da irin kwaɗonta. Risefta muke ce musu. In numfashin mai asma ya sarƙe, hanyar iskar ce ta matse, akwai kuma kwaɗon da in an buɗe shi hanyar za ta saki. Su Mai Kwalabe mabuɗi suke ƙerawa, ni kuma in zura in ga ko ya buɗe. Na yi wa Mama wannan bayanin ya fi sau goma, amma har gobe in ƙawayenta suka tambaye ta cewa take, "Tana wanke kwalabe a wajen masu magani."

Muna da wata ƙa'ida da ba a wasa da ita. Mai gwaji ba ya sanin sinadarin wa yake hannunsa. Kowa zai kai nasa wajen Anti, mai kula da ɗakin gwajin, ita za ta juye su a kwalabe iri ɗaya, ta manna wa kowace lambar da na'ura ta buga, ta rufe jerin sunayen a ambulan cikin durowarta. Sai na gama gwaji na miƙa sakamako, sannan a buɗe ambulan a gaban kowa. An yi haka ne saboda zuciya. Da can dariya abin yake ba ni, wai ni za a tsare wa zuciya.

A gida kuwa, Baba ya gama magana tun wata uku da suka wuce. Yana zaune a kujerarsa ta falo, tabarau a ƙarshen hanci, ya ce, "Ban ƙi yaron nan ba. Yana da ladabi. Amma aikin kwantiragi ba aiki ba ne. Ya kawo min takardar da aka tabbatar da shi, a sa rana."

Kwantiragin nasa ƙarshen watan nan zai ƙare. Farfesa, shugabanmu, ya riga ya sanar: a cikin sinadarai goma sha biyun da aka haɗa, ɗaya kawai za a wuce da shi zuwa gwajin dabbobi, wanda ya haɗa shi kuma shi za a riƙe. Mai Kwalabe shekara biyu ya yi a kan nasa guda ɗaya. Kun ga ke nan aurenmu yana cikin ɗaya daga kwalaben nan, ni kuma aka ba wa aikin aunawa.

Mama ba ta taimaka ba. Kullum ina ɗaura mayafi zan fita sai ta tsaya a ƙofar kicin da ludayi a hannu.

"Yaron nan mai kantin tayal ya sake aiko da gaisuwa."

"Ina amsawa."

"Amsawa kawai? Shi dai ba wanda zai kore shi daga kantinsa."

"Mama, zan makara."

"Ai kin riga kin makara, 'yar nan. Ba ta wajen aiki nake nufi ba."

Ranar Litinin ta makon jiya na sa farar rigata da safar hannu, na buɗe firiza na ɗauko akwatin da Anti ta ajiye min. Kwalabe goma sha biyu a jere, kowace ba ta fi ɗan yatsa ba. Goma sha ɗaya lambarsu bugun na'ura ne. Guda ɗaya da hannu aka rubuta: 17.

Bakwai ɗin nan na san ta kamar yadda na san fuskata. Mai Kwalabe yana yi mata ɗamara a ƙugu, ya lanƙwasa mata wutsiya zuwa hagu. Haka yake rubuta ta a 'yan takardun da yake manna min a jikin filas ɗin shayina: "Mu haɗu 7 a bakin get." Na tsaya riƙe da kwalbar har sanyinta ya ratsa safar hannuna. Na ce a raina, tasa ce. Ya yi min alama ne, kunya ta hana shi faɗa.

Abin da ya kamata in yi, na san shi sarai. In mayar da akwatin wajen Anti in ce a sake lambobi, na gane rubutu. Taku goma ne zuwa ofishinta. Ban je ba. Na ce ai ni ce, ba abin da zai canza, zan yi aikina yadda na saba.

A wani faranti muke gwajin, mai 'yan ramuka casa'in da shida, kowane rami da ƙwayoyin halittar da muke reno a ɗumi. In na ɗiga sinadari ya buɗe kwaɗon, ƙwayoyin sai su yi wani ɗan haske da ido ba ya gani, na'ura ce take aunawa. Kowane sinadari rami uku ake ba shi, a ɗauki matsakaici. In rami ya lalace, misali kumfa ta shiga, ana iya jefar da shi, amma sai ka rubuta a littafi kafin na'ura ta karanta. Bayan ka ga sakamako, bakin alƙalami ya bushe.

Na'ura ta karanta. Lamba 22 ta fito daram, ramukanta uku kusan kai ɗaya, duk a sama. Lamba 17 rami ɗaya ne ya yi kyau, biyun sun yi ƙasa. Ta uku ta zo.

Na daɗe a zaune ina kallon allon kwamfutar. Wayata ta yi ƙara a aljihu. Shi ne.

"Ranki ya daɗe, kin ci abinci? Kar ki faɗa min komai a kan aiki, ban tambaya ba."

Na amsa da "Na ci," alhali ban ci ba. Sannan na jawo littafin, na buɗe shafin ranar, a gefen ramukan nan biyu na rubuta "kumfa". Har lokaci na sa, na safe, kafin karatun na'ura. Hannuna ko rawa bai yi ba, kuma wannan ne ya fi ba ni tsoro yanzu.

Washegari aka maimaita gwajin, kamar yadda aka saba. A nan na ƙara wata. Ramukan bakin faranti sukan ɗan bushe a cikin ɗumin, kowa a sana'ar nan ya san ba a sa abu mai muhimmanci a can. Na sa 17 a tsakiya, a cikin ƙwayoyin da suka fi ƙoshi. Na tura 22 can gefe. Da aka haɗa kwana biyun, 17 ta haye da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Na buga sakamako, na sa hannu, na kai wa Farfesa.

Kar ku ce ban yi wa kaina huɗuba ba. Na yi. Na ce ɗan turi ne kawai, sinadarinsa mai kyau ne, na ga wahalar da ya sha. Na ce wanda ke da 22 zai sami wani wajen. Ranar har waƙa na yi a kicin, Yaya da ta zo gida ta dube ni ta ce, "To fa, ko an sa rana ne ba a faɗa min ba?"

Ranar Alhamis aka taru a ɗakin taro. Na sa doguwar rigata ruwan toka wadda ya taɓa cewa tana yi min kyau, na zauna a ƙarshen tebur don in ga fuskarsa da kyau in an kira sunansa. Ya zo da riga a goge, har da aski. Anti ta miƙa wa Farfesa ambulan, ya yage bakinta da murfin biro.

"Na ɗaya, lamba goma sha bakwai." Ya bi jerin da yatsa. "Dogo, naka ne."

Dogo, wani abokin aikin Mai Kwalabe ne da suke raba tebur ɗaya. Ya miƙe tsaye bakinsa har kunne, yana cewa shi kansa bai zata ba. Aka yi tafi. Ni kuwa na ce a raina kuskure ne, yanzu Farfesa zai gyara.

"Na biyu, lamba ashirin da biyu." Ya ɗago ya dubi Mai Kwalabe. "Kai ne. Kaɗan ya rage, wallahi kaɗan. Na so a ce muna da gurbi biyu."

Lamba 22. Wadda na tura bakin faranti da hannuna.

Mai Kwalabe ya tashi ya miƙa wa Dogo hannu, har da dafa kafaɗa. Murmushi yake yi. Ban san yadda na fito daga ɗakin ba. Na tsinci kaina a ofishin Anti ina yi kamar na zo karɓar safar hannu.

"Anti, wai me ya sa kwalba ɗaya da hannu aka rubuta lambarta?"

"Au, kin lura? Takardar na'urar ce ta ƙare min a ta ƙarshe, ga hannuna duk sanyin ƙanƙara. Sai ga mutuminki zai wuce da biro a kunne, na ce rubuta min goma sha bakwai a nan. Ya rubuta ya wuce, bai ma san kwalbar da zan manna wa ba." Ta dube ni ta saman tabarau. "Lafiya dai?"

"Lafiya lau."

Ba alama ya yi min ba. Bai taɓa tunanin yi min alama ba. Ni ce na ƙirƙiro masa wannan halin a raina, na kuma yi aiki da shi.

A bakin get ya jira ni da aka tashi. Na kasa haɗa ido da shi, shi kuma ya ɗauka tausayinsa ne ya hana ni.

"Haba, ranki ya daɗe, ni aka kayar, ke kike kuka? Share hawayenki, mutane suna kallo."

"Shekara biyu fa..."

"Na sani. Amma ji nan. Da wani ne ya yi gwajin, da na kwana ina zargi. Tunda ke ce, na yarda. Hannunki ba ya ƙarya. In kin ce na Dogo ya fi, to ya fi."

Masu karatu, da marina ya yi da ya fi min sauƙi. Na shiga mota ina jin maganar tana bin jikina kamar ƙaiƙayi.

Kwana biyu na yi ina juya abin, ba ta inda na ga mafita. In na yi shiru, shi zai tafi ƙarshen wata, Baba zai rufe maganar, a kuma kwashe shekara guda ana ɗura wa ɓeraye sinadarin da na san ba shi ya fi ba, maganin da ya fi kusa da taimakon masu asma yana kwance a firiza. In na yi magana, aikina ya ƙare. Ba wannan gwajin kaɗai ba, duk abin da na sa wa hannu a shekara uku sai an sake dubawa, kuma ba ɗakin binciken da zai sake ba ni faranti. Abin da ya fi ci min rai shi ne shi ma ba lallai ya tsira ba. Rubutunsa ne a jikin kwalbar, wadda zai aura ce ta yi gwajin. Wa zai yarda ba shiri muka yi ya kuɓuce mana ba?

Mama ta ga ba na cin abinci. Ta shigo ɗakina ranar Juma'a da yamma ina kwance da kayan aiki a jikina, ta zauna a bakin gado.

"Bai samu ba ko?"

Na gyaɗa kai.

Na zaci za ta kawo maganar mai tayal. Ba ta kawo ba. Ta shafa ƙafata ta ce, "Allah sarki, yaron kirki. Ke dai kin yi iya yinki." Ta tashi ta ja min ƙofa. Na cusa fuskata a filo don kar ta ji.

Da safiyar Asabar saƙonsa ya shigo.

"Zan zo da yamma in faɗa wa Baba da bakina. Ba na so ya ji a wajen wani."

Na rubuta "Akwai maganar da zan faɗa maka," na goge. Na sake rubutawa, na sake gogewa. A ƙarshe "To" na tura.

Ƙarfe huɗu ya zo. Baba bai dawo daga unguwa ba, aka sa shi a falo. Na kawo masa ruwa a tire, na zauna a kujerar da ke nesa da shi, kusa da taga. Ya rame a kwana biyun nan. Rigar da ya sa ranar taro ita ce a jikinsa, ya sake goge ta. Ya fara ba ni labarin wani waje da zai kai takardunsa, yana ƙoƙarin sa ni dariya, wai in abin ya ƙi sai ya buɗe shagon haɗa sabulu ni in riƙa gwada kumfar.

Ban san lokacin da na ce, "Naka ne ya ci" ba.

Ya tsaya da kofin a hannu. "Na'am?"

"Ashirin da biyu ce ta zo ta ɗaya. Ni na sauke ta."

Na faɗa masa komai. Bakwai mai ɗamara, ramuka biyun, lokacin ƙaryar da na rubuta a littafi, bakin faranti. Ban rage ko ɗaya ba. Ina magana ina kallon kafet, ina jin ƙarar cokulan Mama daga kicin.

Ya ajiye kofin a hankali.

"Kin ɗauka ni na yi miki alama."

"Eh."

"Ni."

"Ka yi haƙuri. Don kai na yi, wallahi don mu na yi. Baba ya ce..."

"Shekara nawa kika san ni?"

"Uku."

"A shekara ukun nan, na taɓa tambayar ki sakamakon faranti ɗaya?"

"A'a."

Ya shafa fuskarsa da hannu biyu. Na jira faɗa. Na so ya yi faɗan, ya ɗaga murya har Mama ta leƙo. Bai yi ba. Ya yi magana ƙasa ƙasa, kamar da kansa yake yi. Ya ce Dogo ya riga ya kira mahaifiyarsa ya yi mata albishir. Ya ce tun Alhamis yake bin littafinsa shafi shafi yana neman inda ya yi kuskure a shekara biyun nan, har ya fara yarda cewa ba shi da kan wannan aikin.

Sannan ya ɗago ya dube ni, irin kallon da yake yi wa kwalba in launinta ya canza ba dalili.

"Tambaya ɗaya zan yi miki. Da goma sha bakwai tawa ce, da na ci, aka ba ni takarda, aka sa mana rana, da kin taɓa faɗa min?"

Na mayar da idona kan kafet.

Ya jira. Wallahi ya jira ni, ya ba ni lokaci. Sai ga sallamar Baba a ƙofa. Ya miƙe da sauri ya durƙusa ya gaishe shi, ni kuma na ɗauki tire na fice, na laɓe a bayan labulen baranda kamar ƙaramar yarinya.

"Baba, ban samu gurbin ba," na ji ya ce. "Na zo in faɗa maka da kaina."

Baba ya yi gyaran murya. "To. Allah ya sa haka ne mafi alheri. Ita maganar taku fa?"

"A ba ni mako ɗaya, Baba. Akwai abin da nake so in tabbatar."

Baba ya ɗauka aiki yake nufi, har ya yi masa addu'a. Mai Kwalabe ya fita bai neme ni ba. Ta taga na hango shi yana tafiya a bakin titi, ya wuce inda ake tsayawa jiran mota bai tsaya ba.

Yau Lahadi. Tun safe wayar tana hannuna, sai bayan azahar saƙo ya shigo. Babu "ranki ya daɗe" a farkonsa.

"Gobe ƙarfe takwas zan shiga ofishin Farfesa. Ba don gurbin ba, ko an ba ni yanzu ban san ko zan karɓa ba. Ba zan bari a wuce da 17 ina sane ba. In kin riga ni shiga da littafinki, zan tsaya a ƙofa in jira ki fito. In ni na riga ki, to kin amsa min."

Na karanta ya fi sau ashirin. Bai ce in na shiga zai aure ni ba. Cewa ya yi zai tsaya a ƙofa. Mama tana falo tana waya da ƙawarta, na ji tana cewa a bar yarinya ta huce tukuna. Ba ta san gobe war haka ƙila 'yarta ba ta da saurayin, ba ta da aikin, ba ta kuma da sunan da za ta nemi wani da shi ba.

Tambayar tasa kuwa tana nan zaune a ƙirjina. Tun jiya nake lalubar wata amsa da zan iya kallon idonsa in faɗa, ban samu ba. Ku da ba ku san fuskata ba, bari in faɗa muku gaskiyar da na kasa faɗa masa. Da tasa ce, da ban faɗa ba. Da na yi kwalliya na zauna kusa da shi ana ɗaukar mu hoto, na haifa masa 'ya'ya, yana yi musu alfahari da maganin da ya haɗa, ni kuma ina gyaɗa kai har in mutu. Ba nadama ce ta buɗe min baki jiya ba. Kwalbar ce ba tasa ba.